Rijiyar da ke Gefen Masallacin Injiniya

Assalamu alaikum Admin da sauran 'yan wannan zaure. Don Allah a sakaya sunana, kuma don Allah ku ba ni shawara, amma ina roƙon duk wanda zai yi kwament ya daure ya karanta har ƙarshe tukuna, domin akwai mamaci a cikin maganar nan wanda ba zai iya kare kansa ba. Ni dattijo ne, na daɗe da yin ritaya, ina zaune a Kazaure. Na jima ina karanta abin da ake turowa nan ban taɓa cewa uffan ba, na san yawancinku sa'o'in 'ya'yana ne ko ma jikokina, wataƙila wani ya ce me tsoho yake nema a wurin yara. To dalilin shi ne, maganar ba ta faɗuwa ga wanda ya san fuskata. Sunayen da zan ambata duk na canza su, ƙauyen ma ba zan faɗe shi ba, ya isa a ce yana tsakanin Roni da Gwiwa.

A shekarun saba'in, bayan farin nan da ya kashe shanu, lokacin da kuɗin mai ya fara shigowa gwamnati tana ta ayyuka a karkara, na gama jami'a aka ɗauke ni aiki aka turo ni wannan yanki, muna cikin jihar Kano a lokacin. Aikina shi ne shiga tsakanin ma'aikata da mutanen gari, in an zo da aiki ni ne mai durƙusawa gaban dagaci da liman in yi bayani. Aka haɗa ni da wani injiniyan ruwa, zan kira shi Injiniya kawai tunda haka kowa yake kiransa. Ya girme ni da 'yan shekaru, mutumin wajen Babura ne, ɗan gidan malamai, ya samu sikolashif ya yi karatu a wata ƙasar 'yan gurguzu mai tsananin sanyi ya dawo. Dogo ne, mai yawan dariya, kullum yana cikin wasu manyan takalman aiki masu igiya, shi yake tuƙa motar ofis da kansa. Alaramma yake kirana don tsokana, saboda ba na wuce lokacin sallah. Ko'ina muke, da na ce masa lokaci ya yi sai ya gangara gefen hanya ba musu, in sauka da butata, shi kuma ya zauna a mota yana ɓarar gyaɗa. Na ɗauka irin mutanen nan ne masu tara sallah sai sun koma gida, ina jin haushi a raina amma ina ganin girmansa.

Wata rana muna kan hanya ina bitar karatuna a fili, sai ya ce, ko juyowa bai yi ba, "Alaramma, ka tsallake aya." Ya janyo ayar ya karanta mini tiryan-tiryan, da murya mai daɗi irin ta wanda aka koya wa tun yana ƙarami. Wannan ne ya ba ni ƙarfin halin tambayarsa, na ce Injiniya, mai wannan karatu me ya sa ban taɓa ganin goshinsa a ƙasa ba? Na yi zaton na ɓata masa rai. Sannan ya gaya mini, ba da fushi ba, ba kuma da izgili ba, cewa shi ya daɗe da daina yarda akwai wani a sama mai ji ko mai gani. Ya ce bai zaɓa ba, tashi kawai ya yi wata rana ya tarar abin babu, kamar mutum ya laluba aljihu. Na yi ta'awizi, har ga Allah na yi tunanin in ce ya tsaya in sauka. Na yi masa wa'azi iya ɗan sanina, duk abin da na kawo ya riga ni saninsa, yana ma ƙarasa mini. Daga ƙarshe ya ce in riƙe masa amana, ba don tsoron kansa ba, don mahaifiyarsa da ke raye, ya ce in ta ji ba za ta kai wata daminar ba. Na ce na riƙe. Ban sani ba ko daidai na yi, amma na riƙe.

To ƙauyen da nake magana ƙasar duwatsu ce, ruwa yana wuya. An haƙa wuri biyu aka ci karo da shimfiɗaɗɗen dutse, aka bari. Injiniya ya yi ta yawo da na'urarsa mai wayoyi da ƙusoshin da ake kafawa a ƙasa, har ya ce ya samu inda ruwa yake, a cikin filin ɗakin shan magani na gwamnati, gindin wata kanya. Matsalar ita ce a daidai wurin akwai masallaci. Ba gini ba ne, irin wanda kuka sani ne, duwatsu aka jera aka kewaye ƙasa, aka ɗan fitar da wurin tsayuwar liman ta gabas, aka zuba yashi. Malamin asibiti da masu jinya ne suka jera su don kada su yi nisa da marasa lafiya. Ba wanda ya nemi izinin kowa, kuma ba wanda yake ganin ana buƙatar izini. A wurinmu kuwa kun sani, inda aka jera dutse aka kai goshi ƙasa ya zama ɗakin Allah, ko akuya ce ta shiga sai an kore ta.

Na kai magana gaban dagaci da Liman. Suka ce ai abu ya yi kyau, a haƙa rijiyar a jikin duwatsun, ta zama rijiyar masallaci, ga alwala ga sha. Ni a ganina an gama, na koma da murna. Injiniya ya ce sam. Abin da ban lura da shi ba shi ya lura. A bayan ƙauyen akwai gidajen Maguzawa, kuma tsohuwar rijiyar garin, wadda ta kusa ƙafewa, tana jikin babban masallaci. Matan Maguzawa ba sa zura gugansu a cikinta. Ba doka ba ce, ba wanda ya rubuta, amma ana cewa gugan da yake kwana a gidan da ake dafa giya bai kamata ya shiga ruwan alwala ba. Don haka sai su tsaya can nesa da tulunansu, har a samu wata mai tausayi ta ja ta zuba musu, ko kuwa a rasa. Ni na sha wucewa ta gabansu ban ga komai ba, na saba. Shi kuwa ya ce ba zai haƙa wata rijiyar da za a tsaya mata daga nesa ba. Ya ce fili na gwamnati ne, na mai sallah ne da mai coci da mai tsafi da wanda ba shi da komai, ya ce Bamaguje yana biyan haraji yadda Liman yake biya, kuɗin man ma da za a yi aikin da shi daga can kudu, ƙasar da ba a kiran sallah, ya fito. Da farko cewa ya yi a kwashe duwatsun gaba ɗaya, mai son sallah ya taka zuwa masallacin gari, filin hukuma ba wurin ibadar kowa ba ne.

Mun yi kwanaki muna jayayya, har muka yi tafiya guda ba mai yi wa wani magana. Na ce masa in ya faɗi wannan a gaban jama'a ko motar ba za mu fita da ita ba, kuma ni kaina ban yarda ba, mai jinyar da ɗansa yake kwance ba za a ce masa ya tafi cikin gari sau biyar ba. Ya ce ni matsoraci ne, na ce na ji, amma matsoracin ne yake shigar da kai gari. Daga baya ni na kawo shawarar a matsar da masallacin tsallaken 'yar hanyar da ta raba filin, yana nan dai cikin filin gwamnati amma rijiya ta tsaya ita kaɗai. Ya yi gunaguni ya ce har yanzu filin kowa ne, sannan ya ce to, in dai ba zai tare wa kowa ruwa ba su yi ta yi.

Liman tsoho ne mai hankali, Allah Ya jiƙansa. Da na je masa ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Ɗana, bakina ba zai ce a ɗaga masallaci ba. Amma ka ga idona ya yi rauni, ba komai nake gani ba." Na gane abin da yake nufi. Sai dai leburorinmu suka ƙi, kowa ya ce ba da hannunsa ba, wani ya ce ya san wanda ya taɓa ɗauke dutsen masallaci hannunsa ya shanye. Aka ba su baki suka ƙi. Injiniya ya dube ni ya ce, "Alaramma, shawararka ce, zo ka kama mini." Na kasa. Na san a ilimi ba laifi ba ne in akwai maslaha, ko dai haka nake zato, amma hannuna ya ƙi. Ya yi dariya ya ce ashe dai a garin nan shi kaɗai ne mai hannun da ba ya tsoron shanyewa.

Ya ƙi yi a ɓoye, ya ce shi ba ɓarawo ba ne. Ranar kasuwa ya yi, bayan azahar, rana tsaka. Ya tuɓe rigarsa ta sama ya fara ɗaukar duwatsun ɗaya bayan ɗaya yana tsallaka hanya da su. Mutane suka fara taruwa, da farko shiru, sai gunaguni, na ga wasu samari sun matso ɗaya yana riƙe da sanda, ni kuwa ina tsaye jikin mota ina ta addu'a. Shi ko kallonsu bai yi ba. Ya fito da kamfas daga aljihu ya daidaita alƙibla, ya ja layi a ƙasa, ya aika aka kamo hannun Liman, ya rusuna ya ce, "Allah gafarta Malam, a duba mana, ta yi?" Liman ya dubi rana ya dubi layin ya ce ta yi. Ya ci gaba da jerawa, tsaf, ya fi na da kyau nesa ba kusa ba. Da ya rage dutsen ƙarshe na wurin tsayuwar liman, wanda dole sai an shiga ciki za a ajiye, sai ya tsaya a bakin layin, ya sunkuya ya kwance igiyar takalmansa, ya cire su ya ajiye a waje gefe da gefe, ya shiga da ƙafa.

Wallahi kamar an zuba wa wuta ruwa. Wani dattijo ya yi kabbara ya ce ashe bawan Allah masallaci yake ginawa, mai sanda ya jingine sandarsa ya je ya ɗebo yashi, kafin la'asar an share an shimfiɗa buzu. Liman ya ce masa sai ya shigo sahun farko, ya ce a yi masa afuwa tufafinsa duk man mota ne da gumi. Kowa ya karɓi uzurin. Ni kaɗai a wurin na san abin da na sani. Tun daga ranar ake kiran wurin Masallacin Injiniya.

Da muka hau hanya na tambaye shi, na ce kai da ka ce ba kowa, don wa ka cire takalmi? Ya yi dariya, amma ba irin dariyarsa ta kullum ba. Ya ce, "Ƙafata ce ta yi, Alaramma, ba ni ba." Bai ƙara ba, ni ma ban ƙara ba. Da na san iyakarta ke nan da na matsa masa.

Aka haƙa rijiya aka samu ruwa mai yawa, aka ɗaure ta da siminti. Ranar da aka buɗe ya tsaya da kansa har ya ga wata tsohuwar Bamagujiya, zan kira ta Kande, ta zura guganta ta ja da hannunta. Wasu sun ɓata fuska amma ba wanda ya yi magana, tunda rijiyar ba a jikin komai take ba. Kande ta kawo masa ƙwan zabi a ƙwarya. Tsohuwa ce mai baki, kuma ina jin ta fi mu gani, don a gabana ta ce masa, "Kai ɗan nan, ba ka sahu da su, ba ka zuba jinin tsafi da mu, in ka mutu wa zai karɓe ka?" Ya ce, "Ƙasa mana, Iya, ita ba ta ƙin kowa." Suka yi dariya su biyu. Ni ban yi ba.

Kafin damina ta sake zagayowa ya rasu. Hatsari ne a hanyar Kano, shi da wata babbar mota mai ɗauke da siminti, ba na cikin motar ranar. Ya bar matarsa da ciki. Aka kai shi garinsu, mutanen ƙauyen nan suka cika mota a-kori-kura suka je jana'iza, har da Liman duk tsufansa. Da aka nemi shaida Liman ya tashi ya ce su sun shaida, da idonsu suka ga ya gina masallaci da hannunsa, ya cire takalmi don girmama ɗakin Allah. Mahaifiyarsa tana daga cikin gida aka kai mata wannan magana, aka ce ta yi hamdala. Wani baffansa ya juyo gare ni ya ce kai ne abokin tafiyarsa, me ka sani? Na ce mutumin kirki ne, ban taɓa ganin ya cuci kowa ba. Gaskiya ce na faɗa. Aka ta da sallah na shiga sahu na yi kabbara tare da kowa.

Tun daga nan ban rabu da shi ba. An yi ta canza mini wurin aiki, na yi aure, na haifi 'ya'ya, aka ƙirƙiro sabuwar jiha, na tsufa, amma duk inda na ga an jera duwatsu a tasha ko a bakin hanya, idona sai ya nemi takalman nan a bakin layi, wani lokaci har sai na ƙifta ido in tabbatar babu. Ayar da ya gyara mini ban sake kuskurenta ba, amma duk lokacin da na iso ta muryarsa nake ji tana riga ni. In na zauna yi wa mamatana addu'a ina jero su, mahaifina, mahaifiyata, malamaina, da na zo kansa harshena sai ya tsaya, ban san ko ya halatta in roƙa masa ba, ban kuma iya tsallake shi ba, sai in yi shiru daidai tsawon sunansa in wuce. Ƙauyen kuwa ban sake taka shi ba, ko aiki ya biyo ta can sai in nemi wanda zai je.

Abin da ya kawo ni nan shi ne, kwanan baya wata mata ta yi sallama a gidana ita da mijinta. Tana cire niƙabi na ga goshin Injiniya da dogon hancinsa. 'Yarsa ce, cikin nan da ya bari, zan kira ta Hajiya. Babbar mace ce yanzu, tana Kano, Allah Ya buɗa mata, tana da 'ya'ya har da waɗanda suka isa aure. Ta ce ta daɗe tana cigiyar wanda ya yi aiki da mahaifinta, an ce mata ni kaɗai na rage. Ba ta taɓa ganinsa ba, abin da ta tashi da shi kawai shi ne mahaifinta ya gina masallaci da hannunsa a wani ƙauye. Ta yi masa umara, tana yi masa sadaka duk azumi. Yanzu tana son ta rushe ɗan ginin da aka yi a wurin daga baya ta gina babba, da hasumiya, sadakatul jariya gare shi. Ta nuna mini zanen a wayarta, ta ce ni take so in aza tubalin farko in kuma ba jama'a tarihin mahaifinta.

Na rasa yadda zan ƙi, na bi su muka je. Garin ya girma, ɗakin shan magani ya zama ƙaramin asibiti, kanyar tana nan. Rijiyar ma tana nan, an sa mata famfon tuƙa-tuƙa, kuma an gaya mini in burtsatsen gari ya lalace, wanda yakan lalace, ita ce ke riƙe da kowa. Na ga mata a layi, masu hijabi da marasa hijabi a cakuɗe. Jikokin su Kande wasu sun musulunta, wasu suna zuwa coci, kaɗan suna nan a kan na iyayensu. Sai da magini ya ja igiyar awo sannan na fahimci zanen da aka nuna mini. Katangar sabon masallacin za ta tsallako 'yar hanyar nan, ta haɗiye kanyar da rijiyar, a sa injin a jera famfunan alwala a cikin haraba. An ce hukuma ba ta da matsala, fili ne dai na gwamnati kuma aikin alheri ne. Ina tsaye wata mata mai ɗan kuros a wuya, da jarka a hannu, ta matso ta gaishe ni ta ce, "Baba, in an kewaye, mu ta ina za mu shiga?" Na ji kamar Injiniya yana tsaye a bayana.

Na ja Hajiya da 'yan kwamitin masallaci gefe na ce a ganina, in ba damuwa, a bar rijiyar a waje. Suka ce ai ƙofa za ta zauna a buɗe, ba wanda za a hana. Na yarda da niyyarsu, ban ce suna da mugun nufi ba, amma na san yadda abin yake, ba sai an hana ba, macen da ke da kuros a wuya ba za ta shiga harabar masallaci da jarka ba, za ta tsaya daga nesa ne ta jira mai tausayi, kamar kakarta. Da na nace sai wani matashi a cikinsu, cikin ladabi dai, ya ce Baba ai kowa ya sani Injiniya don masallacin ya haƙa rijiyar, iyayenmu sun gaya mana, haɗe su cika masa buri ne. Kun ji yadda labari ya juye. Duk waɗanda suka san asalin abin sun mutu, Liman, dagaci, Kande, malamin asibiti. Na ce ba haka aka yi ba, raba su ya yi da gangan. Suka ce don me mai gina masallaci zai raba shi da ruwan alwala? Na ce saboda maƙwabta, suka ce ai maƙwabta ba a hana su ba. Muka watse a haka, ina ganin sun ɗauka tsufa ne yake damuna.

A hanyar dawowa mijinta ya tsaya sallar la'asar, ya riga mu sauka. Hajiya ta juyo daga kujerar gaba ta ce, "Baba, akwai abin da ba ka faɗa ba." Na ce babu komai 'yata. Ta ce mahaifiyarta har ta rasu ba ta taɓa ba ta labarin ibadarsa ba, in ta tambaya sai ta ce ki dai yawaita yi masa addu'a, ta kau da kai. Ta ce tun tana yarinya wannan kau da kan yake damunta. Sannan ta ce, "Na haɗa ka da girman Allah, Baba, ka gaya mini. Ka taɓa ganin mahaifina ya yi sallah?" Na ce mata lokaci yana wucewa, bari mu yi sallah, maganar tana da tsawo, ta ba ni lokaci. Ta ce za ta dawo ita kaɗai kafin a fara haƙa harsashi. Ta kira ni sau da dama tun daga nan, ina kallon wayar har ta katse.

Ga inda na tsaya. In na gaya mata gaskiya, na san za ta bar rijiyar a waje, don sai ta san me ya tsaya a kai sannan za ta iya taka wa kwamiti birki, kuɗinta ne. Amma na karya amana, ko da yake wadda ya ce a ɓoye dominta ta daɗe a kabari, ban sani ba ko amana tana mutuwa da mutuwar dalilinta. Kuma na ɗauke wa baiwar Allah uban da ta rayu da shi, na bar ta da tambayar da ni kaina ta hana ni sakat shekara da shekaru, ina makomar umararta, ina makomar sadakarta. In kuma maganar ta fita, kun san zamanin da muke ciki, kafin a yi haka ta zaga wayoyi, wani ya ce a rushe masallacin, wani ya ce a rama sallolin da aka yi a ciki, a fara nuna 'ya'yanta da baki ana cewa jikokin wane. Bayan haka ma, me na sani? Na san abin da ya gaya mini a mota. Ban san abin da ya faru a zuciyarsa tsakanin ranar da ranar da ya rasu ba, ba na wurin, zukata kuma a hannun Allah suke. In na ce mata kafiri ya mutu, wataƙila na yi masa ƙazafin da ba zan iya biya ba.

In kuma na yi shiru, ko na ce eh na gani, na yi ƙarya bayan an haɗa ni da Allah, ga ni a bakin kabari. Za a ja katanga, a rubuta sunansa a ƙofa, a kan abin da ya tuɓe riga ya ɗauki dutse a rana don kada ya faru, ni kuma in tsaya in aza tubali. Matar nan mai jarka za ta koma nesa. Na tambayi malamai biyu a kaikaice, kamar labarin wani ne. Ɗaya ya ce a rufa wa mamaci asiri, ɗaya ya ce ɓoye shaida zunubi ne babba. Ina ganin dukansu sun yi gaskiya, shi ya sa ban samu sauƙi ba.

Akwai hanya ta uku da nake ta juyawa, ita ce ma ta fi ba ni tsoro saboda ta fi sauƙi. In ce mata, 'yata, ban taɓa ganin goshinsa a ƙasa ba, amma na ga ya cire takalmi a bakin masallaci, in ba ta labarin gugan Kande, in tsaya a nan, kada in kai ga abin da ya faɗa a mota. Duk kalmar da ke ciki gaskiya ce. Amma da irin wannan gaskiyar na amsa wa baffansa ranar jana'iza, kuma ga inda ta kawo mu. Hajiya kuma ba yarinya ba ce, za ta ce to me ya ce da ka tambaye shi, don ta san dole na tambaya.

Don Allah kada wanda ya zage shi a kwament, ya riga ya isa inda za a yi masa hukuncin da ya fi namu adalci. Ni nake neman mafita. In faɗa mata duka, in faɗa mata rabi, ko in roƙe ta ta janye rantsuwar da ta ɗora mini? In akwai wanda ya san hanyar da za a bar rijiyar nan a waje ba tare da na tone kabarin abokina ba, ya taimake ni da ita. Ku da kuka rasa iyaye tun ba ku san su ba, ku musamman nake son ji, in ku ne ita, za ku so a gaya muku? Magini ya riga ya sauke yashi. In ta zauna a gabana ta ce Baba don wa ya cire takalmin, amsar da ya ba ni kaɗai nake da ita, cewa ƙafarsa ce ta yi. In ba ta?